Ra'ayi: A gwada man bindiga a ƙurar Damargu kafin a saya wa jami'an tsaro

Duk sa'ad da aka buɗe maganar tsaro a Nijar, hira takan karkata ne kan manyan kaya: jirage marasa matuƙa, motoci masu sulke, da ƙasar da za a ƙulla ƙawance da ita. Da wuya ka ji wani ya tambayi irin man da ake shafa wa bindigar da ke rataye a kafaɗar sojan da ke gadin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko ta jandarman da ke bin sawun ɓarayin dabbobi a dajin Belbeji. Ana ganin abin ya yi ƙanƙanta a kawo shi gaban manya. Amma mai raina gajere bai taka kunama ba. Bindigar da aka saya da kuɗi masu yawa tana iya cijewa a daidai lokacin da ran mai riƙe da ita ya rataya a kanta, saboda ɗan man da bai kai farashin kwanon hatsi ba.

Ra'ayina shi ne kada gwamnati ta sayi man bindiga don sunan kamfaninsa, ko don tsadarsa, ko don ɗan kwangilar da ya kawo shi yana da uwa a gindin murhu. A gwada shi a nan ƙasarmu, cikin ƙurarmu da zafinmu, a faɗi sakamakon, sannan a tabbatar ya isa hannun ƙaramin soja. Kuma ban ga inda ya fi Damargu dacewa da wannan gwaji ba.

Aikin da mai yake yi

Bindiga irin ta Kalashnikov, wadda ita muka fi gani a hannun jami'anmu, tana iya fitar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya, wato goma a kowace daƙiƙa. Kowane harbi ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, ya koma baya ya dawo, cikin zafi da hayaƙin albarushi. Ayyuka uku ake nema daga mai a nan. Ya rage gogayya don sassan su riƙa zamewa, ya rufe ƙarfe daga danshi don kada tsatsa ta kama shi, kuma ya tausasa baƙar dauɗar da albarushi ke bari don ta fita da tsumma. Sojojin Amurka sun haɗa waɗannan ayyuka a cikin mai guda da suke kira CLP, suka kuma rubuta masa ƙa'idar da dole kowane kamfani ya cika kafin a saya daga gare shi.

Matsalar ita ce ayyukan nan uku ba sa tafiya da baki ɗaya. Mai ruwa-ruwa yana shiga lungu yana wanke dauɗa, amma zafi na saurin busar da shi. Mai kauri ko giris yana daɗewa a jikin ƙarfe, amma yana riƙe yashi. Wanda ya yi fice wajen hana tsatsa a bakin teku ba lallai ya yi abin kirki a inda iska ke ɗauke da rairayi ba. Shi ya sa tambayar "wane mai ne ya fi kyau?" ba ta cika ba sai an ƙara da "a ina, a wane lokaci, kuma a kan wace bindiga?"

Yanayi uku a ƙasa ɗaya

Garin Tanut yana kusan kilomita 150 arewa da Damagaram, a kan hanyar Agadas, inda gonakin hatsi ke ƙarewa, makiyaya ta fara. Belbeji, wadda aka cire daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana yamma da ita. Bindigar da ke aiki a wannan yanki tana haɗuwa da abokan gaba uku a shekara guda.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, wurin da masana ke ɗauka a matsayin mafi fitar da ƙura a duniya. Ƙurar ta fi gari laushi. Wadda ke shiga cikin wayar salula da kwanon abinci a rufe, ba murfin bindiga ne zai hana ta ba. Idan ta haɗu da mai sai ta zama kamar taɓo mai kankare ƙarfe.

A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen da ya wuni a bayan mota cikin rana kuwa ya fi haka nesa. Mai marar jiki yana tsiyayewa ya bar wurin da aka sa shi, ko ya bushe.

Daga Yuli zuwa Satumba damina ce. Gajera ce, amma danshinta ya isa. Akwai tsofaffin harsasai da yawa na ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat da na Sin waɗanda ke barin wani irin gishiri a cikin bututun bindiga bayan harbi. Gishirin yana jawo danshi, tsatsa ta kama cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ba ya narkar da shi, ruwa ne ke wanke shi. Wato man da ya fi kowane tsada a duniya ba zai ceci bututun da aka shafa masa shi a kan gishiri ba.

Man da ya jure waɗannan yanayi uku a Damargu, ana iya amincewa da shi a Diffa, a Tawa da Tilaberi.

Abin da ya sami waɗanda suka fi mu kuɗi

Kada a ɗauka wannan damuwar matalautan ƙasashe ce. A yaƙin Biyetnam, an raba wa sojojin Amurka sabuwar bindiga M16 ba tare da isassun kayan goge ta ba, da yawansu ma an ba su fahimtar cewa ba ta buƙatar wanki sosai. An kuma sauya nau'in albarushin harsashinta zuwa wanda ya fi barin dauɗa. Bindigogi suka riƙa cijewa a fagen daga, har wasu sojoji suka koma rubuta wa iyayensu wasiƙa a aiko musu da mai daga gida. Sai da majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord, wanda ya fitar da rahotonsa a 1967, aka gyara bindigar, aka raba kayan wanki da mai, aka buga ɗan littafi mai zane-zane da kowane soja zai fahimta.

Shekaru 36 bayan haka, ranar 23 ga Maris 2003, ayarin wata rundunar gyaran kayan aiki ta Amurka mai lamba 507 ya ɓata hanya ya faɗa cikin garin Nasiriyya na Iraƙi. An kashe sojoji 11. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda bindigoginsu suka cije, kuma binciken rundunar ya nuna cewa mai yiwuwa rashin kula da makaman yadda ya dace da hamada ya taimaka wajen hakan.

Abin da ya biyo baya ne ya fi shafarmu. An daɗe ana koya wa soja cewa a hamada a rage mai, domin mai yana kama yashi. Magana ce da hankali ke karɓa, kuma har yanzu za ka ji ta a bakin masu harka da injuna a ƙasarmu. Amma da sojojin Amurka suka sa bindigogi a ɗakin da ake hura musu ƙura, a gwaje-gwajen da suka yi a 2006 da 2007, sai sakamako ya zo a juye. Bindigogi goma ƙirar M4, kowace ta harba harsashi 6,000. Da aka sa musu mai kaɗan sun tsaya kusan sau 10,000. Da aka wadata sassan da ke motsi da mai, tsayawar ba ta kai sau 700 ba. Ashe man da ya wadata yana ɗauke ƙurar ya gusar da ita, ɗan kaɗan kuwa dunƙule ta yake yi.

Darussa biyu ke nan. Na farko, abin da kowa ya yarda da shi yana iya zama kuskure, gani ya kori ji. Na biyu, bai kamata mu kwafi sakamakonsu ido rufe ba. Ƙirar M4 daban take da ta Kalashnikov, kuma ƙurar ɗakin gwaji daban take da ta Tarka. Su kansu da suka maimaita gwajin M4 da wadataccen mai sau biyu a 2007, sun sami tsayawa 307 a karo ɗaya, 882 a ɗaya karon. Gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. Hanyar aikinsu za mu ara, amsar kuwa mu nemo tamu.

Tsada ba shaida ba ce

Matasanmu da ke Turai, Amurka da ƙasashen Larabawa sun san yadda talla take. Kasuwar man bindiga a can cike take da ƙananan kwalabe masu manyan alkawura. A 2015 an yi ta-ta-ɓurza a Amurka kan wani mai mai suna FireClean, bayan wani mai sharhi kan makamai ya kai shi ɗakin gwaje-gwaje, ya ce sakamakon ya yi kama da na man girki irin na tsirrai. Kamfanin ya musanta cewa man girki yake sayarwa, ya kai ƙara kotu a 2016. Ko wa ke da gaskiya a tsakaninsu, rigimar ta nuna cewa mai saye ba ya sanin abin da ke cikin kwalba ta hanyar duba takardar da aka manna mata ko farashinta.

A gefe guda kuma akwai Ballistol, wanda aka haɗa a Jamus a 1904 domin sojojin ƙasar, har yau ana sayar da shi. Daɗewarsa ta nuna yana da amfani, amma ba ta nuna zai jure azahar ɗin Mayu a Tanut ba. Shi ma sai an gwada. Haka WD-40 da ke kowane shagon kayan gyara: an ƙirƙire shi a 1953 don korar danshi daga jikin ƙarfe, yana kwance tsatsa, amma siririn man da yake bari ba ya daɗewa a inda ƙarfe ke dukan ƙarfe da zafi.

Araha ma tana da nata tarkon. Inda ba a raba mai ba, mutum da abin da ya samu yake amfani. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da dauɗar ƙuna, wato abin da ake so a cire shi ake mayarwa. Man gyaɗa da sauran man girki suna yin danƙo idan suka daɗe cikin zafi, kamar yadda kowace uwargida ta gani a bakin kaskon suya. Gazuwal da kananzir suna wanki, amma ba sa barin kariya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Darajar man bindiga ita ce sau nawa bindiga ta tsaya, shekara nawa bututu ya yi bai lalace ba, kuma nawa aka kashe a kan hakan.

Me ya shafi ɗan birni da ɗan ci-rani?

Kuɗinsu ne. Tun Oktoban 2023 da aka kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa, wato FSSP, ana cirar wani abu daga kuɗin waya da na sufuri, kuma ƴan Nijar mazauna waje sun yi ta aiko da gudummawa. Wanda aka nemi ya bayar yana da haƙƙin tambayar abin da aka saya da kuɗinsa. Sannan yaran da ke sanye da kakin nan ƙannenmu ne da abokan karatunmu.

Mun kuma taɓa ganin abin da duhu ke haifarwa. Bayan harin Inates na 10 ga Disamba 2019 da ya ci sojoji 71, da na Chinagodar na 9 ga Janairu 2020 da ya ci 89, labarin binciken kwangilolin ma'aikatar tsaro ya fito. Rahoton farko ya ƙiyasta asarar kusan miliyar 76 na sefa, wato biliyan 76, tsakanin aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, kodayake daga baya hukumomin shari'a sun rage adadin. Idan an iya yin haka a kan manyan kayan da ido ke gani, ina ga jarkar mai da ba wanda zai iya bambance na ƙwarai da jabu da ido?

A Fabrairun 2024 an fitar da dokar da ta tsame sayayyar jami'an tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangila na yau da kullum. Masu goyon bayanta sun ce yaƙi ba ya jiran takarda, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Amma duk inda aka rage binciken takarda, wajibi ne a ƙara binciken kayan da kansu, in ba haka ba bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Yadda za a yi gwajin

Abin ba ya buƙatar ƙwararru daga waje. A ware bindigogi iri ɗaya masu shekaru ɗaya, da harsasai daga akwati iri ɗaya. A juye kowane mai a kwalba marar suna, a sa mata lamba, yadda mai harbi da mai ƙirga ba za su san na wane kamfani ba ne. A sa har da sabon man inji mai kyau da giris na kasuwa a cikin jerin, domin idan mai araha ya yi daidai da mai tsada, ƙasa ta sami sauƙi. A ɗora bindigogin a bayan mota a zaga da su hanyoyin rairayi na Tanut da Belbeji kamar yadda ake yi a sintiri, sannan a harba, a ƙirga tsayawa. A shafa kowane mai a kan faranti na ƙarfe, a bar wasu a ranar Afrilu, wasu a danshin Agusta, a ga wanda ya bushe da wanda ya bar tsatsa. A maimaita a hunturu, a bazara da damina, kuma fiye da sau ɗaya.

Masu yin aikin muna da su. Rundunar soja tana da masu gyaran makamai. Jami'ar André Salifou tana Damagaram, makarantar EMIG mai horar da injiniyoyi tana Yamai, kuma akwai hukumar ƙasa mai kula da ingancin kaya da awo. Matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, a cikin gundumar Tanut take, a ƙaramar hukumar Ollelewa, kuma kowace matata tana da ɗakin awon mai. Abin kunya ne ƙasar da ke tace ɗanyen manta a Damargu ta kasa auna kaurin man da take saya wa sojanta. A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa an zuba igwa an haɗa albarushi a cikin birninsa. Jikokin waɗancan maƙera ba za su gaza gwada kwalbar mai ba.

Daga sakamakon sai a rubuta ƙa'ida ta ƙasa. Duk ɗan kwangilar da ya kawo mai, a ɗebi samfuri daga cikin kayan da ya sauke, a auna, a biya shi bayan an tabbatar. Sai babban aiki: rabawa. Man da ke kulle a rumbun ajiya a Yamai bai amfani wanda ke Tenhiya da komai ba. Kowane soja, jandarma, garde da jami'in gandun daji ya sami ƴar kwalbarsa, buroshi da tsumma, tare da takarda mai zane a Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci, ba Faransanci kaɗai ba. Kwamanda ya riƙa duba cikin bindiga kamar yadda yake duba takalmi a fareti.

Amsa ga masu suka

Wani zai ce ai Kalashnikov ba ta buƙatar mai, ko a taɓo aka binne ta za ta tashi. Gaskiya ne an bar sarari tsakanin sassanta, shi ya sa ta fi wasu haƙuri da dauɗa. Amma haƙuri yana da iyaka. Tsatsa tana cin bututunta kamar na kowace bindiga, bututun da ya cinye kuwa ba ya kai harsashi inda aka auna. Yashin da ya toshe bakinta yana iya fasa ta a hannun mai ita. Wannan camfi na cewa ba ta lalacewa ya kashe bindigogi da yawa tun kafin lokacinsu, kuma kowace da ta mutu kuɗin talaka ne za a sake fitarwa.

Wani zai ce wannan sirrin tsaro ne. Yawan makamai, inda aka girke su da shirin kai farmaki, waɗannan sirri ne, ba mai jayayya. Amma sunan man da ya ci gwaji da farashin litarsa ba su taɓa ba maƙiyi nasara ba. Ƙa'idar CLP ta Amurka a fili take, kowa na iya karantawa. Wanda ɓoye farashin mai ke karewa shi ne mai aringizo.

Wani kuma zai ce yin wannan magana a bainar jama'a koya wa ƴan bindiga aiki ne. Ɓarawon daji bai jira jarida ta faɗa masa ya goge bindigarsa ba. Abin da hukuma ta fi shi da shi tsari ne: ɗakin awo, rumbun ajiya, horo da bin diddigi. Idan ta yi sakaci da waɗannan, ta zubar da fifikonta da hannunta. Kuma a sani, maganar nan a kan makaman hukuma take. Riƙe bindiga ba da izini ba laifi ne a dokar Nijar, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI da aikinta shi ne tattara haramtattun makamai. Yawaitarsu a hannun fararen hula na cikin abin da ke mayar da ƙaramar rigimar gona da burtali zubar da jini.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin da zai ratsa hunturu, bazara da damina shekara guda yake ɗauka, don haka kowane watan da aka jinkirta ƙari ne a kan lokacin da jami'anmu za su ci gaba da dogaro da abin da ba a tantance ba. Ina kira ga ma'aikatar tsaro da masu kula da asusun FSSP su ware ɗan abin da aikin ke buƙata, ga ƴan jarida su riƙa sa wannan tambaya a cikin tambayoyinsu, ga ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje kuma su nemi a nuna musu sakamako duk sa'ad da suka miƙa gudummawa. Allah ya kare jami'anmu, ya zaunar da Damargu da ƙasa baki ɗaya lafiya.